Nasiha Ba Ta Cin Nata

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Sun tafi da ita. A gidan mahaifiyarmu Inno aka yi abin, a Kebbe, wai don kada a ce a ƙofar ɗakina aka ɗauke ta tana kuka. To ko kukan ma ba ta yi ba. Mu'minatu ta miƙa mata waya, yarinya ta shige mota ko waiwaye babu. Ni ce na yi kukan, a bayan rumbu, kamar wata sakarai.

"Adda, yaye ne kawai, wata uku, in na haihu zan zo in ɗauke ta." Haka ƙanwar tawa ta ce ran da ta kawo min Nasiha, tana fama da cikin Gazali, tana shirin bin mijinta Abdulganiyyu Jidda. Wata uku ya zama wata goma sha shida. Ni na yi jinyar haƙori, ni na koya mata zaman fo, ni take ce wa Umma. Shekara tara ina gidan mijina Sama'ilu ba a taɓa kirana da wannan suna ba sai a bakinta.

Inno ta ce, "Hafiza, aro anka ba ki, maida shi da fara'a." Na ce to.

A bakin mota Mu'minatu ta ce, "In ba ta saba da mu ba ai sai mu maido miki ita." Da dariya ta faɗa. Ni ban yi dariya ba, adana maganar na yi.

Litinin, 6 ga Janairu

An koma makaranta, na koma koyarwa. Na dawo na tarar da gida tsaf yadda na bar shi, ko cokali ba a gusar ba. Haushi ya kama ni.

Alhamis, 9 ga Janairu

Sun isa Jidda lafiya. Kuma wai ranar Asabar za su shiga jirgin ruwa, kwana bakwai, yawon shaƙatawa a kan teku. Kamfanin su Abdulganiyyu ne ya ba shi kyauta. Ta turo hoto: jirgi hawa goma sha wani abu, ya fi sakatariyar ƙaramar hukuma sau ban san adadi ba. Da wurin wanka a samansa, ruwa a kan ruwa, don tsabar iyayi.

Mu'minatun da nake goyo zuwa rafi, wadda in kwaɗo ya yi tsalle sai ta saki tulu! Yau ita ce a teku. Ni da na fi ta karatu, na fi ta iya girki, na fi ta komai in ban da sa'a, mafi nisan ruwan da na taɓa hawa shi ne kwalekwalen Yawuri, shi ma amai na yi ta yi. Allah na tuba. Amma littafina ne, zan rubuta: ina baƙin ciki. Ta samu mijin, ta samu haihuwar, ta samu tekun, sannan ta zo ta ɗauke ɗayan abin da nake da shi.

Na rubuta mata, "Masha Allah, a sauka lafiya."

Juma'a, 10 ga Janairu

Saƙon murya har guda shida. Nasiha ba ta cin abinci tun da suka je, sai kunun garin da na haɗa mata da biskit. A jirgin kuma akwai wuraren cin abinci goma sha ɗaya, an ce su zaɓi inda za a ajiye musu teburi tun yanzu. "Adda, ke kika san cikinta, zaɓa mana."

Ta turo hotuna uku. Na farko babban ɗaki ne, teburi da farin ƙyalle, sai an zauna a jira a kawo. Na biyu inda kowa ke zagayawa da faranti yana ɗibar abin da yake so, kuma an yarda ka tafi da shi ɗakinka. Na uku na yara ne zalla: kujeru masu dogayen ƙafafu da ake ɗaure yaro a ciki, farantan roba masu launi, kowane yaro da nasa, a jera masa dankali da tumatir su yi fuskar mutum, ma'aikata sun sa kaya masu siffar kifi suna tafi duk lomar da yaro ya kai baki.

Ina ganin na ukun na san ko ruwa Nasiha ba za ta sha a can ba.

Nasiha ba ta cin nata. Ba wanda ya san wannan sai ni da Sama'ilu. Lokacin yaye kwana uku ta yi ba ta sa komai a baki ba, na yi lallashi, na yi ɗura, ta amayar. Ran na huɗu na gaji, na zauna a tabarma da tuwona ina ci ina hawaye, na juya mata baya. Sai na ji ɗan hannu a cikin kwanon. Tun daga ranar haka muke: a ƙasa, kwano ɗaya, nawa ne ba nata ba, kuma ban gan ta ba. In ka ce "Nasiha ci," an gama. In ka kalle ta, an gama. Sata take so, ja'ira.

Na daɗe da wayar a hannu. Na rubuta, "Na yaran mana. Ai don su aka yi shi."

Ban yi ƙarya ba. Don su aka yi shi.

Asabar, 11 ga Janairu

Sun shiga. A bakin jirgi an karɓe garin kunun, wai ba a rufe yake daga kamfani ba, ba tambari. Geron da na surfa da hannuna, gyaɗar da na soya, wani mai farar riga ya jefa a kwandon shara. Na ji zafi. Can ƙasan zafin kuma na ji wani abu da ba zan ba shi suna ba.

Lahadi, 12 ga Janairu

Bidiyo. An ɗaure min yarinya a kujera sai ka ce za a yi mata aski. Wani ƙato cikin kayan kifi yana rawa a gabanta, Mu'minatu na bin ta da cokali, "Haa, Nasiha, haa." Ta ture farantin ya kife. Gazali kuwa, ɗan shekara ɗaya, yana gefe yana cusa taliya har a hanci. Shi ko dutse aka dafa zai ci, irin ubansa.

Na kalla sau bakwai. Sau biyun farko dariya na yi.

Mu'minatu ta sa wani mayafi ruwan toka, ya yi mata kyau, abin haushi.

Litinin, 13 ga Janairu

Sun koma babban ɗakin mai farin ƙyalle, ko can za ta ci. Minti arba'in suna jiran abinci, yara biyu na ihu, Turawa na kallonsu. An kawo kifi da farar shinkafa, Nasiha ta shige ƙarƙashin teburi. Biskit biyu da rabin kofin madara, shi ne abincinta na yau. Ayis kirim ma ta ƙi, ita da take bin mai keke har bakin titi.

Da rana Sama'ilu ya dawo daga kasuwa ya ji ina sauraron saƙon. Ya tsaya da buta a hannu.

"Ba ki faɗa mata yadda taka ci ba?"

Na ce ba ta tambaye ni yadda take ci ba, inda za su ci ta tambaya.

Ya dube ni, ya dube ni. Ya ce, "Hafiza, ɗiyar ga fa shekarunta biyu da 'yan watanni." Ya shige alwala. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

To ni ce na haife ta? Uwa ai ita ke sanin ɗiyarta. Wata goma sha shida tana kiran waya tana "ina 'yar gatana," ba ta taɓa cewa Adda yaya kike yi da ita wajen abinci ba. Ko sau ɗaya. Ta gano da kanta mana, tunda ita ce mai teku.

Talata, 14 ga Janairu

Na rubuta lissafi a allo ba daidai ba, 'yan aji huɗu suka gyara min.

Inno ta kira daga Kebbe, ita ma an kai mata labari. "Kwana fuɗu ɗiya ba ta ci ba, mi kika ba ta can gidanki?" Na ce abin da kowa ke ci. Ta ce za ta sa a yi rubutu, ko baki ne. Na ce to, a yi.

Na bar tsohuwa za ta je neman malami a kan abin da ke cikin bakina.

Laraba, 15 ga Janairu

Na samu abin da nake so.

Ana tashi tara Mu'minatu ta kira, ba saƙo ba, kiran bidiyo. Muryarta ta dishe. Ta ce sun yi magana da Abdulganiyyu, in jirgi ya tsaya ranar Asabar zai nemi tikiti, ita da kanta za ta maido min Nasiha. "Ba ta so na, Adda. Anti take ce min. Na haife ta amma ba ta karɓar ko loma a hannuna. Taki ce, ki riƙe." Sai kuka.

Na tsaya a bayan ofishin hedimasta. Wallahi daɗi na ji. Na fara tunanin inda zan mayar da katifarta.

Sai ta juya wayar. Nasiha na kwance a gadon ɗakinsu, ga taga mai zagaye da teku a bayanta. Leɓenta ya bushe ya yi fari. Idon nan da ba ya zama wuri ɗaya ya faɗa ciki. Likitan jirgi ya ce in ba ta ci ba zuwa yamma zai sa mata ƙarin ruwa. Ta gan ni, ba ta tashi ba, ba ta yi ihun "Umma" ba. Yatsa kawai ta ɗago ta taɓa gilashin wayar.

Asabar kwana uku ne. Na lissafa, Allah ya gani na lissafa: in na yi shiru kwana uku, an sa mata ruwan, ba abin da zai same ta, ta dawo. Na kai har nan a lissafin.

Na ce, "Mu'minatu, share hawayenki ki saurara. Ki je wurin da ake ɗiba da kai. Faranti ɗaya, babba, na manya. Farar shinkafa, ki sa a zuba miki ɗan mai da gishiri, da naman kaza ki yayyaga. Ki kawo ɗaki. Abdulganiyyu ya fita da Gazali. Ki shimfiɗa zane a ƙasa, ki zauna ki ba ta baya, ki ci da hannu. Kada ki kira ta. Kada ki kalle ta. Ko kin ji hannunta a ciki, ba ki ji ba."

Ta ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan, na kashe. Na koma aji na ba su aikin da ba na cikin manhaja.

Alhamis, 16 ga Janairu

Ta ci. Jiya loma tara, Mu'minatu ta ƙirga ta madubin bango. Yau da safe rabin faranti, da ƙwai, har tana ture hannun uwar.

Ba wanda ya sake maganar tikiti.

Asabar, 18 ga Janairu

Sun sauka. Ta kira tana ta godiya, har da "Allah ya ba ki naki, Adda," na ce amin. Can sai ta ce, "Amma me ya sa ba ki faɗa min tun ran Juma'a ba?"

Na ce mantawa na yi.

Ta ce, "To."

Uwa ɗaya ta haife mu, na san wannan "to" ɗin. Ba ta ƙara ba, ban ƙara ba. Ta koma ba ni labarin wani kifi mai tsalle da suka gani, na yi ta "iye, iye." Ita ta fi ni hali, wannan ma wani abin haushin ne.

Talata, 21 ga Janairu

Da tsakar rana ga saƙo, hotuna biyu daga wani kanti: wake a gwangwani da wata taliya mai siffar taurari. "Adda, wanne kike ganin za ta ci?"

Waken ne. Nasiha na son wake, in dai ya dahu ya yi luguf. Na rubuta mata haka, na ƙara da cewa ba ta son albasa in tana ganinta, kuma in ta fara jan kunnenta na hagu barci ne ba rigima ba, kuma tana tsoron akuya amma ba za ta yarda ba. Na yi ta rubutu har yatsana ya gaji. Ban rage komai ba, na duba.

A ƙarshe na sa, "Sauran ki riƙa gwadawa da kanki, kin fi ni sanin ɗiyarki."

Ƙarya ce, ba ta fi ni ba. Nan da wata shida dai zai zama gaskiya.

Sama'ilu ya ce ko a kai katifar Kebbe, jikokin Inno su riƙa kwana a kai. Na ce ya bari sai Asabar.