Rijiyoyin da Ka Wuce, Ya Modu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayana, Ya Modu. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga wanta, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Falmata ce. Mutanen gida duk lafiya. Gobe Alhamis matarka Yagana za ta fita takaba, jibi kuma 'yan'uwanta za su zo su tafi da ita Bama. Wayarka ta faɗo a rabonta, da ita za ta tafi.

Na rubuto ne in gaya maka na cika alkawari, na buɗe ƙofar nan. Amma a hanyar zuwa wurinta na ci karo da wani abu da har yanzu jikina bai daina sanyi ba, kuma da hannuna a ciki. Ban san yadda ake neman gafarar wanda ba ya amsawa ba, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani.

Ka san gem ɗin da nake nufi, wasan nan na cikin wayarka. Wancan da ake hango komai daga sama, kamar mutum ya hau katanga yana leƙen tsakar gidan maƙwabta. Wani ɗan mutum ya farka a bakin teku da sanda a hannu, ya ratsa daji da kango da kogo, dodanni na ta kashe shi, har ya kai wata babbar ƙofar ƙarfe da mai gadi a gabanta. Shekara guda da rabi kana buga shi, tun da aka fara yi maka wankin ƙoda. Awa huɗu a kan gadon asibiti, hannunka na hagu a miƙe da allurai, wayar jingine da matashi. Ni kuwa ba irin tsiyar da ban yi maka ba. Na ce magidanci guda, mai rumfar huluna a Kasuwar Litinin, ya zauna wani ɗan tsana na wahalar da shi. Kullum na leƙa sai in gan ka a bakin tekun nan, in ce Yaya har yanzu ba ka bar tasha ba? Sai dai ka yi dariya.

Kwana uku kafin ka rasu ka miƙo min wayar ka ce, "Malama, ki gano min abin da ke bayan ƙofar nan." Na ce to, don dai ka yi shiru. Na jefa ta cikin akwati, ban sake ɗauko ta ba sai da ya rage mako biyu Yagana ta tafi.

Ranar farko, bayan na taso daga makarantar da nake koyarwa a Lamisula, na zauna na ce kafin la'asar na gama da shi. Ya Modu, wata 'yar ƙaguwa ce ta kashe ni. Ƙaguwa! Sau bakwai. Ni da nake tsawata wa yara sittin su yi tsit.

Da na gaji da mutuwa sai maganganunka suka riƙa dawo min, waɗanda kake yi kai kaɗai ina jin ka da rabin kunne. Ka sha cewa a bar dodo ya fara kai hari, a tsaya a kalle shi. Haka ne kuwa. Kusan kowanne sau biyu yake sara ya ɗan huta, a hutun nan ake shigarsa, a yi masa ɗaya ko biyu a ja baya. Duk wanda ya yi kwaɗayin na uku ya mutu. Na kuma gane amfanin koren layin da ke gefen fuskar wayar, ashe ƙarfin ɗan mutumin ne. Ni da na tsorata sai in yi ta danna birgima har ya ƙare, ya tsaya yana haki a gaban dodo kamar wanda ya bi Keke Napep da gudu.

Sai na daina faɗa da kowa. In na ga ƙato na fi ƙarfina, in zagaye shi in wuce, in sa masa alama a taswira sai na samo takobi. Garkuwa ma tana ɓoye a bayan wata bishiya tun a dajin farko. Da yake daga sama ake kallo, duk abin da ke jikin bango ko ƙarƙashin ganye ba a ganinsa, sai mutum ya riƙa goga jikinsa da kowane lungu. Waɗannan duk ka san su fiye da ni. Abu ɗaya ne ba ka sani ba, kuma shi ne na farko da ya kamata a gaya wa duk wanda zai fara.

A ƙarshen dajin akwai wata da'irar dutse, da dogon ginshiƙi mai hannu biyu a tsaye a kanta, yana fitar da shuɗin haske. Da na matsa kusa sai rubutu ya fito da Turanci. Na karanta ba tare da wani tunani ba: wannan rijiya ce, ka sha ruwa ka huta, za a ajiye maka tafiyarka a nan. Na danna. Ɗan mutumin ya durƙusa ya kai kansa ƙasa, jininsa da dodanni suka rage ya cika. Daga ranar, duk sanda aka kashe ni a bakin rijiyar nake farkawa, da takobina da komai. Gaba ma akwai wasu, na ƙirga tara kafin ƙofar. Ban ɗauke shi wani abu ba.

Ranar Asabar da hantsi na je taya Yagana zama. Muna kan tabarma a inuwar darbejiyar tsakar gidanka, tana tsince shinkafa tana leƙen wayar. Na iso rijiya ta biyar na danna. Wallahi sai ji na yi ta damƙe min wuyan hannu, farantin ya kife.

"Innalillahi! Falmata, sujada kika sa shi ya yi wa gunkin?"

Na tsaya ina kallonta. Ta ce ai kai tun ranar da ka taɓa dannawa sau ɗaya ka ga abin da ya yi, ka yi istigfari, ka goge gem ɗin ka sake saukewa, ba ka ƙara kusantar wurin ba. Ta ce ka faɗa mata ko a wasa goshinka ba zai taɓa ƙasa don dutse ba. Tana faɗa idonta na ƙyalli, don alfahari da kai.

Na sake duban fuskar wayar da irin idonka. Daga sama ba a ganin ruwa, ba a ganin guga. Dutse ne tsaye da hannuwa a buɗe, da mutum ya kifa kai a gabansa. Duk wanda bai karanta rubutun ba, abin da zai gani ke nan.

Nan fa kaina ya ɗaure. Ke nan tun ranar ba ka sake ajiye tafiyarka ba ko sau ɗaya. Duk ranar wanki daga bakin teku kake farawa, da sanda. Ka sake ɗauko garkuwa, ka sake kashe duk dodon da ka kashe shekaranjiya, ka ratsa kogon nan mai duhu da ya ci ni kwana uku, ka isa gaban mai gadi da guntun jini, ya kashe ka, ka koma teku. Da hannu guda da babban yatsa. Ni da rijiya tara da hannu biyu lafiyayyu har kuka na yi a kogon. Ashe duk sanda na leƙa na gan ka a bakin teku ina yi maka dariya, daga ƙofar ƙarfe ka dawo.

Ban ce wa Yagana komai ba a ranar. Na tsince mata shinkafarta daga ƙasa na tafi gida, ban ma san na wuce kwanarmu ba sai da mai keke ya tambaye ni.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne na tuna ranar. Wata Talata ce, na raka ka asibiti da tulin takardun jarrabawa ina makawa a kan cinyata. Ka juyo da wayar wajena ka ce, "Malama, me aka rubuta a nan?" Ko ɗaga kai ban yi ba. Na ce Yaya, Turancin da na karanta ba na wasan yara ba ne. Ka ce to, ka mayar da wayar kan matashi. Ba ka sake tambayata ba, kuma na san ka, ba za ka tambayi bare ba. Kai ne ka bar makaranta a aji huɗu ka zauna a rumfar Baba don ni in ci gaba. Turancin nan da na yi maka rowarsa, kai ka saya min shi. Layi biyu ne kacal. Ina jin kunya, Ya Modu, irin wadda ban taɓa ji ba.

Jiya da yamma na kashe mai gadin. In ya ɗaga gudumarsa, a shige ƙarƙashin hammatarsa ta hagu, can ne ba ya gani. Ƙofar ta buɗe. Ka ce in gano maka, to ga shi: matakala ce ta gangara zuwa wata ƙasa mai koguna, taswirar ta ƙara buɗewa har ta ninka ta farko. Ba ƙarshen ba ne, ko rabi ba mu yi ba. Na ajiye wayar na yi ta dariya har ta koma wani abu.

Yau da safe na kai wa Yagana wayar. Duk hanya ina shawara da zuciyata ko in bar ta da labarin mijinta da ya ƙi sunkuya wa gunki. Labari ne mai kyau, kuma gaskiya ne, don Allah niyyarka ya gani. Amma na riga na hana mutum ɗaya karatun layin nan, ba zan hana na biyu ba. Na zaunar da ita na karanta mata shi da Hausa, na faɗa mata har abin da na yi maka ranar Talatar.

Na zaci za ta yi fushi da ni. Ta daɗe tana kallon shuɗin hasken, sannan ta ce a hankali, "Rijiya ce? Shi da likita ya ce ruwa kofi biyu kawai zai sha a wuni. Da zafin nan yana roƙona in jiƙa masa leɓe da tsumma." Ta ja lafayarta ta rufe fuska.

Ka yafe min, Yaya.

Allah ya gafarta maka, ya sa jinyar da ka sha ta zama kaffara. Ya karɓi sujadar da ka tsare masa shi kaɗai. Ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga tafkin Alkausara, shan da babu ƙishirwa bayansa, babu mai auna maka.

Wassalam. Ƙanwarka,
Falmata