Ban Yafe wa Tahiru Ba

Da sunan Allah. Ni Zakariya'u, mutumin Mirriya, mazaunin Sersouf a Tamanrasset, ni ke magana, Malam Mika'ilu na rubutawa, don ban san alƙalami ba. Ƙafafuna sun kumbura, amma hankalina garau yake. Ramatu, Abdurrazak, Salim, ku saurara.

Na ɗaya. Gidan nan da garkar Hirafok a raba muku yadda shari'a ta ce. Sulusin da nake da iko da shi na Bilkis ne, ɗiyar wanku Lukumanu, tunda ubanta ya riga ni tafiya, gado ba zai kai gare ta ba.

Na biyu. Kawunku Tahiru, ƙanen uwarku. Shekara bakwai ke nan da ya je garka ya tarar da Lukumanu yana ban ruwa. Kwana uku yana zaune gindin ɓaure yana zuba masa labarin Libiya, har yaron ya ajiye fartanya ya shiga motarsa. Motar ta lalace cikin sahara, a hanyar Janet. Tahiru ya ɗauki bidon, wato jarkar ruwansu, wai zai nemo taimako. Shi ya dawo, Lukumanu bai dawo ba. Ko kabari ban samu ba.

Ranar gaisuwa ya ce mini wai jarrabawa ce. To, ni ban yi karatu ba, amma na san sunan kowane abu. Jarrabawa ita ce wadda Allah ya saukar: farin da ya koro mu daga gida, rasuwar uwarku. Waɗannan na karɓa hannu biyu. Kwaɗayi yana cikin zuciyar ɗana, ban wanke shi ba. Amma ruɗi aikin mutum ne, da harshensa yake yi, yana sane. Kada kowa ya dama mini su a ƙwarya ɗaya.

Na uku. Watan jiya ya zo, wai zai tafi hajji, yana neman gafara. Ya durƙusa yana kuka, idanun nan nasa sak na uwarku. Wallahi saura kaɗan bakina ya suɓuce. Malam ya ce rahama ce ta taɓa ni. Ni na ce waswasi ne, na juya fuskata ga bango. Ga Malam nan yana girgiza kai, rubuta kawai. Duk wanda ya taɓa ɓata mini rai na yafe masa, har jandarman da ya mare ni gaban ƴaƴana. Ban da Tahiru. Kada ya yi mini wanka, kada ya taɓa makarata. Salla ba ni da ikon hana shi, amma sahun baya. Sukari ko shinkafar da zai kawo, a mayar masa har ƙofa. In ya tambaya, ku ce ina jiran sa gaban Wanda daɗin baki ba ya ci a wurinsa.

Na huɗu. Salim, autana, na san kana zuwa garejin Tahiru. Ramatu ta ga jakar da ka ɓoye bayan buhun gawayi. Ba zan tsine maka ba, bakina ba zai iya ba. Amma kowace kalma da yake gaya maka, na riga na ji ta a bakin wanka Lukumanu, ranar da ya zo yi mini sallama. Abdurrazak, ka riƙe takardun tafiyar Salim, ka ba shi gefen garka mai rijiya, ko da rabonka ne.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku da mai daɗin baki. Ku ci tuwon Juma'a wuri ɗaya, ko kuna faɗa. Ku uku kuka rage mini. Wanda ya zo gidan nan bayan shekara goma, ya same ku uku.