Sojan Bilki

Kudan, 4 ga Maris, 1962

Zuwa ga Yayana Sada,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya a can Kwango, kai da abokan aikinka. Baba da Inna suna lafiya, suna sa maka albarka. Matarka Yaya Hassana ba ta ce in gaishe ka ba, amma tun ɗazu take share inda nake rubutu, wurin kuwa ba datti.

Na san ba za ka tambayi Bilki ba, tunda 'yar fari ce. Uwarta ma ba ta kama sunanta, shi ya sa a wurina take kwana. To, ni zan faɗa maka, don abin ya hana ni sukuni. Tun da masu yin lamba suka zo cikin kaki suka danne ta suka tsaga mata dantse, ba ta ƙaunar ganin kaki. Ko ɗan doka ta hango, sai ta shige ƙarƙashin rumbu tana ihu. Tana goye ka tafi, ba ta san ka ba. In ka dawo cikin kayan soja ta yi maka haka a gaban mutane fa?

Shi ne na fara haɗa mata soja kamar 'yar tsana, da kara da auduga, don ta saba. Baba ya yarda, amma ya ce ban da ido da baki. Hoton da ka aiko ya yi duhu, sai ka taimake ni. Shuɗiyar hular nan, wane gefe take karkata? Gorar ruwa a dama take ko a hagu? Ƙyallen da kuke naɗewa a ƙauri, daga sama ake faro shi ko daga ƙasa? Kada ka yi mini dariya. In bai yi kama da kai ba, ba shi da amfani.

Allah ya tsare mana kai.

Ƙanwarka,
Uwaliya

Kudan, 17 ga Yuni, 1962

Yaya Sada,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, na ga amsarka da zanen da ka yi mini. Ashe duk na juya su! Na warware na sake.

Inna ta kai mazarƙwaila kasuwar Makarfi, ta roƙo mini guntun kaki wajen wani tela. Hular ta ba ni wahala. A marina ta yi duhu, sai da bula na samu irin shuɗin da ka ce. Baduku ya ba ni baƙar fata na yi takalma da ɗamara, na yanko maɓallai daga gwangwanin madara. Igiyarka ɗaya tana nan a hannun riga.

Ranar farko Bilki ta wurga sojan garken awaki. Daga baya ta riƙa tsokanarsa da tsinke daga nesa. Yanzu kuwa goya shi take yi, bindigar karan da na yi masa tana sokin ƙeyarta, tana ce masa Baba. Yaya Hassana in ta ji sai ta shige madafa.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Wannan bai fi tafin hannu biyu ba, kai kuwa sai ka sunkuya a ƙofar zaure. Yaushe za ku dawo?

Taka,
Uwaliya

Kudan, 9 ga Disamba, 1962

Yayana,

Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Ba sai ka amsa wannan ba. Yanzu na san abin da ya sa muka daina ganin rubutunka.

Abokinka Kofur Gambo na Makarfi ya zo wurin Baba, na ji komai ta bayan zana. Ya ce motarku ta kife, an yanke maka hannun dama, kana asibitin soja a Kaduna. Ya ce kuma ka rantse ba za ka dawo Kudan ba, wai ba za ka zauna cikin mutane kana cin tuwo da hagu ba, yara suna kallo.

Na kasa zama, na kasa tsayuwa. In na dubi sojan Bilki da hannuwansa biyu sai in ji kamar ƙarya nake yi mata. Ka san ba na iya magana da baƙo, amma ran nan na tsaya a bakin zaure, kaina a ƙasa, na tambayi Kofur daidai inda aka yanke. Ya nuna mini ƙasa da gwiwar hannu, da yadda ake naɗe hannun rigar a maƙale shi.

Na sa reza na yi wa sojan Bilki haka. Inna ta yi mini faɗa sosai, ta ce ba ni da tausayi. Bilki ta yi birgima, ta cije ni, ta wuni tana neman guntun a cikin shara. Na gaya mata ciwo Babanta ya ji, kuma ba zai tsiro ba. Ta ƙi kula ni, ni ma na fara zargin kaina.

Da aka sauke tuwo, ta zaunar da shi a gaban akushi, ta kamo hannunsa na hagu za ta tsoma. Sai ta tsaya, don ta san ana buge mata hannu a kan haka. Ta daɗe tana kallonsa. Can ta gutsuro da damanta, ta hura, ta kai masa. Ba wanda ya koya mata. Tun ran nan ba ta cin loma sai ta ba shi tasa, kakin duk ya ɓaci da miyar kuka, ta kuma hana a wanke.

Yaya, ban san yadda ake roƙon babba ba. Ana ta karyar rake, motoci suna shigowa kullum, kowace ta tsaya sai na leƙa. Ka shigo ɗaya. Jiya Bilki ta sa na ƙara mata tuwo, ta ce wannan Baban ƙarami ne, babban zai fi ci.

Kowa yana gaishe ka. Yaya Hassana ma, wannan karon da bakinta.

Ƙanwarka mai jiran ka,
Uwaliya