Babban Yatsan Kofur Yamusa

Ushafa, Disamba 1991

Zuwa ga Saje Mika'ilu, direba, Ikko.

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Maman Bilkisu da yara. Ni ce Janet, matar abokinka Kofur Yamusa. Ya ce kada in kuskura in rubuto maka, shi ya sa ma na zauna rubutawa.

Saje, ƙafar nan ta tashi. Ƙarfen da ya shige masa cinya a yaƙin basasa, ranar da ka saɓo shi a kafaɗa, ya motsa. Wurin ya buɗe yana ta ruwa. Likita ya ce sai an yi tiyata an ciro shi, in kuwa aka bari ya ruɓe, ƙafar za a yanke. Ya ce a asibitin sojoji ake wannan aiki, kuma tsohon sojan da ya ji rauni a bakin aiki ba a karɓar masa komai, muddin yana da katin asibiti.

Da muka ji ofishin tsofaffin sojoji ya biyo gwamnati ya dawo Abuja, na ce madalla, sauƙi ya zo har ƙofar gida. Muka tafi da takardar sallamarsa. Akawun ya ce fayil ɗinsa yana Ikko tukuna. Ya ce kuma saboda ɓarayin da ke cin haƙƙin matattu, ba a ba kowa kati sai ya dangwala yatsa an gwada da tsohon dangwalensa na fayil. Yamusa ya miƙa hannu wai a gani. Saje, abin da ya fito a takardar baƙin ɗigo ne kawai, ko zane ɗaya babu!

Ka san tun da ƙafar ta hana shi noma, shi ke kwaɓa mini yumɓu, shi ke goge cikin tukwane da yatsa. Mazan gari suna masa dariya wai soja ya koma aikin mata, ko a jikinsa. Ashe yumɓun ya cinye masa zanen yatsa tas, ya bar shi sumul kamar bayan cokali. Akawun ya ce da wannan yatsa, ko fayil ya iso babu abin gwadawa.

Kai ne kake cikinsu, kai ke jigilar kayansu zuwa Abuja. Ka gaya mini abin yi. Ni dai ba za a yanke wa mijina ƙafa ina kallo ba.

Ka huta lafiya. Taka,
Janet, Maman Enoch

*

Ikko, Janairu 1992

Zuwa ga uwargidanmu Maman Enoch.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, takardarki ta same ni, kuma ta tayar mini da hankali. Allah Ya ba Kofur lafiya, Ya saka miki da alheri da kika ƙi bin maganarsa.

Ki kwantar da hankalinki, zanen yatsa yana dawowa. Na gani ga magina masu taɓa siminti: in suka huta, sai ya sake fitowa. Ki shafe masa babban yatsan da man kaɗanya safe da yamma, ki naɗe da tsumma mai tsabta, kada ya taɓa yumɓu ko da wasa. Na san mutumin nan. A fagen fama ma sai an ce masa kwanta sau uku kafin ya kwanta, saboda haka ki sa masa ido sosai.

Fayil kuwa ki bar mini. Nan kullum cikin ɗaure kaya muke, kabad a kan kabad, har mai gadi ya fara tambaya ko shi ma za a ɗora shi a mota. Na roƙi ogan ɗakin fayil, ya yi mini alkawari na su Kofur za su shiga motata a tafiyar ƙarshen wata.

Ki gaya masa kada ya ji kunyar zuwa. Katin nan yana ba shi gado da magani da likita, fanshonsa ma a nan Abuja zai riƙa karɓa, ba sai ya sha hanyar Ikko ba. Ba sadaka ba ce. Ya riga ya biya da cinyarsa.

Ki gaishe da Enoch da ƙannensa. Wassalam.
Saje Mika'ilu (mai ritaya)

*

Ushafa, Fabrairu 1992

Saje,

Ina gaisuwa don an koya mini gaisuwa, amma raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Na yi yadda ka ce. Na shafe masa babban yatsan dama, na naɗe, na kafa masa ido. Sai dai akwai abin da ba ka sani ba. Abokinka in bai taɓa yumɓu ba, hannunsa rawa yake yi. Tun dawowarsa daga yaƙi haka yake. Da na hana shi, ya daina cin abinci, ya zauna bakin ƙofa yana zazzare ido, kaza ta gifta sai ya zabura. Tausayinsa ya kama ni. Na ce to, hannun dama muke jiyya, ka yi da hagu. Ya kuwa duƙufa, aikin hannu biyu ya koma kan hagu ita kaɗai.

Yatsan dama ya yi kyau, Saje, zane raɗau, har maƙwabta suna zuwa kallo. Da muka ji fayil ya iso, na sa masa rigarsa ta coci, Enoch ya goya shi zuwa bakin titi, muka shiga mota. Ni ce ma na kwance tsumman a gaban akawu, ina taƙama. Mutumin ya buɗe fayil, ya duba, ya ce, "Baba, hagu za ka ba ni. Da hagu ka dangwala."

Wayyo Allah! Hagun da yanzu ta ƙara sulɓi. Ya gwada, ya sake gwadawa, baƙin ɗigo. Akawun yaro ne, ba mugu ba ne, har haƙuri ya ba mu, amma ya ce shi ba zai iya gwada dama da hagu ba.

Haba Saje! Kai ma soja ne, kai ma ka dangwala. Kalma ɗaya ce, ha-gu, ta gagare ka rubutawa?

Na kamo hanya da Yamusa har muka kusa gida. Sannan ya ce, "Janet, bari su yanke kawai, na gaji." Na ce masa in ya gaji ya huta, ni ban gaji ba. Da isarmu na kwashe yumɓun gidan kaf na rabar wa matan unguwa, har wanda na tara don kasuwar bikin Ista. Tukwanen da ba a gasa ba na mayar musu. Ni ma na daina gini, don ba zai ji ƙamshin yumɓu a hannuna ba. Hannayensa duka biyu na naɗe, ni ke ba shi tuwo a baki yana zagina. Ya zaga, bakinsa ne.

Ƙafar ta fara wari, kuma gefen ciwon ya yi duhu. Ka sama mana wata rana a ofishin nan, ko da durƙuso ne.

Janet

*

Zuba, Maris 1992

Maman Enoch,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki a tsaye, na je na ciro tawa takardar sallamar na duba. Hagu ce. Dukanmu da hagu muka dangwala, na manta sarai. Laifina ne, ki yafe mini.

Yanzu an bar ni a nan gefen, ina sauke kaya. Na yi ta zarya har na ga ogan da kansa, ya ce a kawo shi kafin Ista, kuma in yatsan ya fito, a ranar za a rubuta masa takardar asibiti. Ni zan zo da mota in ɗauke ku. Ki ci gaba da wanke ciwon yadda likita ya nuna miki.

Wannan kuma ki karanta wa Kofur da ƙarfi. Kofur Yamusa, ban saɓo ka daga dajin nan da ƙafa biyu don ka bayar da ɗaya saboda gajiya ba. Hannunka ya yi rawa in zai yi, amma tsumman nan ya zauna inda yake. Wannan oda ce.

Wassalam,
Saje Mika'ilu

*

Asibitin sojoji, Afrilu 1992

Saje,

Ina gaisuwa. Wata nas ce ke rubuta mini, hannun bai tsaya ba tukuna.

Ka sauke mu ka juya aiki, ba ka ga abin da ya faru ba. Hagun ta fito. Ba duka ba, amma ta isa. Yaron nan akawu ya ɗora gilashi a kan sabon dangwalen, ya ɗora a kan tsohon, ya daɗe. Sai ya miƙe tsaye ya ce, "Kofur Yamusa, kai ne." Rabon da a kira ni haka a ofis tun ina da baƙin gashi. Na so in ƙame, ƙafar ta ƙi.

Likita ya duba. Ya ce mun makara amma ba ƙwarai ba, zai yi ƙoƙari ya bar mini ita, sai dai bai yi alkawari ba. Gobe da safe za su shiga da ni.

Ka nemi izini ka zo ka zauna da Janet a bakin ƙofa. Ta ce ita ba ta jin tsoro. Ƙarya take yi.

Naka,
Yamusa