Fim Ba Waƙa

Daren Talata, watan Agusta 2014, unguwar Ainu Shams

Shekara arba'in ina kallon fim ɗin Indiya, a Kano har fassara nake wa mutane. Yau na sha kunya a gaban surukina Sabi'u. Mun je karɓar ɗinki wurin wani tela ɗan Bangaladash, muka tarar yana kallon wani tsohon fim marar kala. Sabi'u ya ce, "Baba, ga fagenka, fassara mana."

Na kasa kunne. Ba waƙa, ba rawa, kalma ɗaya na tsinta, "khun", wato kisa. Na ce wannan Indiyancin gurɓatacce ne. Telan ya ba ni haƙuri da Larabci, ya ce, "Ma'alish ya Hajj, Bangalanci ne." Wai da fim ɗin ya fito layi aka riƙa yi a silima, har yau tsofaffinsu na musu a kansa.

Na zauna ne kawai don ƙafata. An kashe wani attajiri a ɗakin da aka kulle ta ciki. Mai binciken ba ya dukan kowa, sai duban takalman mutane yake yi. Ya ɗaga yatsa zai nuna mai laifin ke nan aka ɗauke wuta.

Telan ya ce in dawo gobe, shi zai fassara mini. Ni! Nan take na rantse ba zan ƙara taka shagonsa ba.

Direban attajirin nake zargi. To amma ta ina ya fita?

Shagon na rantse a kai, ban da bakin ƙofa. Daga nan ma ana ganin talabijin ɗin.