Goyon Inna Zuwa Saman Bene

Zuwa ga ƙanena Isuhu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zaman Abijan? Ina Hadiza da yara? Mu nan Konni lahiya lau. Ruwa ya ci katangu, amma bai ci rai ba, alhamdu lillahi.

Tun ranar ambaliyar, rezo, wato sabis na waya, ya ɗauke. Wuri guda salula ke kamawa a unguwarmu, saman benena, shi ma da layin Najeriya. I, benen nan da kunka ce girman kai ya sa na gina. Yanzu har liman sai ya yi mini sallama kafin ya hau.

Inna ta rantse ba ta cin tuwo, sai fura, har ta ji muryarka. Ƙafarta ba ta hawa, sai na goya ta, ni Alhaji guda, gaban jama'a. Tana ta faɗa, "Garba, bi sannu, ba buhun siminti ka ɗauko ba!"

Munka kira, ka kashe. Munka sake, ka kashe. Ni na gane, ka ga lambar Najeriya ka ɗauka 'yan damfara ne. Inna ta ce, "Wayyo, kuka ya hana yaron nan magana."

Don Allah, Juma'a mai zuwa bayan salla, ko wace lamba ka gani ka ɗauka. Tsohuwa ta fara ramewa.

Ka gaida mutanenmu duka. A sa mu addu'a, musamman bayana, don hawa ɗaya ya rage mishi.

Yayanka,
Alhaji Garba