Ranar da na kira sunansa

Malam, sallama irin ta masu kewa.

Na san ba za ka karanta wannan ba. A allonka nake rubutawa, gobe in wanke shi, amma bakina ya cika da labari, kuma wa zan ba in ba kai ba?

Gida lafiya lau. Albasar fadama ta yi kyau bana, har fatake daga Rabah sun zo saye. Akuyar nan mai taurin kai da ka sha rantsuwa za ka yanka ta haifi biyu.

Ka tuna yadda cikinka ya hana ka sakat? Ƙwannafi, kumburi, loma biyu ka ture akushi. Kanwa ba ta rabuwa da aljihunka. 'Yan'uwanka suka ce sammu ne, wasu suka ce girkina ne. Ni kuwa na lura da wani abu. Shekarar da gulbin Rima ya cika ya tsare ka a Goronyo wurin ƙanwarka, babu jigon ban ruwa, babu tunanin ciyar da gidan nan duka, ka dawo da kumatu. Kana komawa fadama ciwon ya dawo. Damuwa ce take cin ka, Malam. Na faɗa maka sau ɗaya, ka yi dariya ka saɓa gugarka.

To, ɗanmu na fari ya gaje ka kaf. Shi ke jan jigo tun asuba, ya hana ƙannensa taɓawa, wai ba su iya ba. Da kaka na ga akushinsa yana dawowa da tuwo. Rannan ina wanke rigarsa, sai ga kanwa a aljihu.

Ka san ɗan fari ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban zauna na yi hira da shi ba, saboda kunya. Na aika ƙanwarka ta yi masa magana, ya yi mata irin dariyarka. To mi ya rage mini? In riƙe kunya in binne shi kusa da kai?

Yana fita da guga, na tsaya tsakar gida na kira sunansa da ƙarfi, gaban kowa. Gugar ta faɗi daga hannunsa. Ya durƙusa. Na faɗa masa abin da ya kashe ubansa.

Yanzu su uku ke karɓa-karɓa a jigon. Ran Juma'a ba ya leƙa fadama. Jiya ya share tuwon dawa har ya aiko a ƙara miya. Na shiga ɗaki na yi kukan daɗi.

Matan unguwa na ta gulma wai na zubar da kunya. Su yi ta yi. Raina fes yake.

Allah ya haskaka makwancinka, ya hutar da kai hutun da ka ƙi yi a nan.

Matarka ta Wurno,
uwar Buhari, ɗanmu na fari.